Yaya, Ga Sirrin Kwaɗon Piyar Mutanen Meziko

Teskoko, Meziko
12 ga Satumba

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Yaya Umma da ƙafar tata? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da yake sauko mana kusan kullum da la'asar, da sanyin asuba irin na Jos da muka sani muna yara. Abban yara yana gaishe ki. Kullum yana gonar gwaji ta cibiyar binciken masara da alkama da ta kawo mu, sai yamma ya dawo takalma duk taɓo.

Saƙon muryarki ya shigo lokacin ku kun idar da isha'i, mu kuwa azahar ce ta yi. Sau uku na saurare shi, ina dariya har da hawaye. Wai 'yar budurwarki ta nuna miki gwakamole a waya, kika aika 'Yan Lemo aka sayo piya, kika zuba a bilenda da mayonis da dunƙule biyu, ya fito tsululu kamar kunu, kika saka a firji tun safe, kafin baƙi su iso ya koma kalar miyar kukar da ta kwana. Kin ce tunda Allah ya kai ni garin masu abin, in rubuto miki dalla-dalla. To ga shi, amma bari in fara tona wa kaina asiri, kada ki ɗauka ke kaɗai ce ya kunyata.

Watanmu na biyu da zuwa na sayo turminsu a kasuwar mako. Molkahete suke kiransa: baƙin dutse ne irin wanda aman wuta yake fitarwa, mai ƙafa uku, cikinsa kaushi-kaushi, da ɗan dutsensa da ya cika tafin hannu. Na ɗauraye shi, na yi haɗina, na kai wa Abban yara da fara'ata. Loma ɗaya ya kai, na ji ƙaras! Ya dube ni ya ce, "Yau kuma da yashi aka yi mana?" Ashe sabon turmin dutse sai an hore shi. Maƙwabciyata, wata dattijuwa da ta kai sa'ar Umma, ita ta zo ta zuba ɗanyar shinkafa ta ce in yi ta niƙa. Garin farko ya fito toka-toka, na zubar, na sake zuba wata. Sai a zubi na biyar ya fito fari tas, kafaɗata kamar za ta cire. Tun daga ranar ta ɗauke ni ɗaliba. Ni da guntun Sifaniyancina, ita da nuni da hannu, a haka muke fahimtar juna. Da ɗan gari akan ci gari.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne sunan. A bakin masu yi a waya sai ki ɗauka wani abincin 'yan gayu ne. A harshen Nawatil na mutanen Aztek, waɗanda suke mulkin wannan yanki kafin Turawan Sifaniya su ci babban birninsu a 1521, piya sunanta awakatil, molli kuwa miya ce ko haɗi. Ma'anarsa ke nan, miyar piya. Ni kwaɗon piya nake ce masa, don da kwaɗonmu ya fi kama: ba wuta, ba suya, sai haɗi da hannu a ci nan take. Piyar da barkono da tumatir duk 'yan asalin wannan nahiya ne, albasa da lemon tsami da koriyanda kuwa Sifaniyawa ne suka zo da su. Dattijuwar ta ce a gidan kakarta piya da barkono da gishiri kawai ake haɗawa, sauran duk ƙari ne.

Rabin aikin tun a kasuwa yake ƙarewa, wato zaɓen piya. Piya ba ta nuna a kan bishiya, sai an tsinko ta ta kwana biyu a ƙasa. Kin tuna yadda Kaka take tura su cikin buhun masara ta hana mu taɓawa? Tana da gaskiya. Idan kin sayo masu tauri, ki naɗe su a takarda tare da ayaba ɗaya ki ajiye a ɗaki, kada a firji. Ayaba tana fitar da wata iska da ake kira etilin, ita take gaggauta nuna. Cikin kwana biyu zuwa huɗu za su yi. Saboda haka idan baƙinki na Asabar ne, ranar Talata ko Laraba za ki aika kasuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wajen gwadawa kuma, ki ɗora ta a tafin hannu ki matsa a hankali, kada ki danna da ɗan yatsa, wurin baƙi yake yi daga ciki. Idan ta ɗan ba da kai kaɗan, ta yi. Sai ki ɓalle ɗan guntun karan da ke kanta: idan ya ƙi fita, da saura, idan ya fita ƙarƙashinsa kore ne, yau ce ranarta, idan baƙi ne, ta wuce, ki bar wa mai ita.

Wadda ta cika kasuwa a nan ita ce Hass, 'yar madaidaiciya mai ɓawo gurji-gurji da yake komawa baƙi idan ta nuna. Abin dariya, ba a Meziko aka same ta ba. Wani ma'aikacin gidan waya ne a Kalifoniya, Rudolph Hass, ya shuka ta a 1926, ya yi mata rajista da sunansa a 1935, kuma duk wata Hass da ke duniya daga wannan bishiya ɗaya ta fito, ta hanyar aure irin wanda ake yi wa mangwaro. Yanzu jihar Micowakan ta nan Meziko ce cibiyar nomanta, har koren zinare suke ce mata. Akwai kuma 'yar ƙasa, ƙarama, mai ɓawo siriri da ake ci har da shi. Na ba ki wannan labarin ne don ki gane bambanci: Hass maiƙo ne da ita, tamu kuwa, manyan nan masu koren ɓawo sumul, ruwa ya fi yawa a jikinsu. Don haka ki nemi wadda tsokarta ta yi rawaya kamar man shanu, kuma ki rage duk abin da zai ƙara ruwa.

Ga ma'auni na mutum huɗu. Babbar piyarmu ɗaya da rabi, daidai take da Hass uku. Kwatan farar albasa. Idan ja ce a hannunki, ki yanka ki jiƙa a ruwan sanyi na minti goma ta rage ƙarfi. Koren ɗanyen barkono ɗaya ko biyu. Su serano suke sa wa, kore ne dogo kamar ɗan yatsa, yajinsa bai kama ƙafar attarugunmu ba, saboda haka idan attarugu za ki sa, kwata ya isa, ki cire 'ya'yan. Ganyen koriyanda cikin hannu ɗaya, a nan silantiro ake ce masa. Ki tambaya a Yankaba wajen masu kayan lambun Jos. Idan bai samu ba, ki sa ɗan lawashi, kada ki fasa. Gishiri rabin ƙaramin cokali. Lemon tsami ɗaya. Shi ke nan. Ba mayonis, ba dunƙule, ba kori, ba mai. Piyar da manta take tafe.

Yanzu ga sirrin, kuma abu ne da hannunki ya riga ya sani: jajjage ake fara yi. Ki zuba gishirin da barkonon da rabin albasar da rabin ganyen a turmi, ki murje su har su saki ruwa su zama kore sharr. Dattijuwar ba ta dakawa, murzawa take yi tana juya dutsen, kamar yadda Kaka take niƙan kayan miya. Ta kan kawo turmin kusa da hancina ta ce in shaƙa. Idan ƙamshin bai sa na lumshe ido ba, da saura. Dalilin a fili yake. Idan kin yayyanka kayan kawai kin watsa, loma ɗaya ta zo da albasa, wata da barkono, wata kuma salam. Idan kin murje, ruwan ya bi kowane lungu na piyar. Ba sai kin nemi turmin dutse ba, ƙaramin turmin jajjagen nan naki ya isa, sai dai ki wanke shi da lemon tsami kada ya zo miki da warin daddawa.

Sannan ki raba piyar biyu. Don Allah, Yaya, kada ki riƙe ta a tafin hannu kina sokar ƙwallon da tsinin wuƙa; wuƙar zamewa take yi ta shige hannu, mutane da yawa sun sha ɗinki a kan haka. Ki ɗora a faranti, ki ciro ƙwallon da cokali. Ki kwashe tsokar har da koren nan mai duhu da ke manne da ɓawo, shi ne kyan launin. Ki zuba a kan jajjagen ki danna a hankali, da taɓaryar ko da cokali mai yatsu. A nan ne ake son ki riƙe hannunki. Ba a so ya yi laushi luƙwi, ana so a bar gutsattsari kamar girman gyaɗa, yadda harshe zai san piya yake ci. Bilenda kuwa duka take yi mata ta cusa mata iska, shi ya sa naki ya tsinke, kuma shi ya sa ya yi saurin baƙi.

Sai ki matse rabin lemon, ki watsa sauran albasa da ganye, ki juya sau biyu, ki ɗanɗana. Yawanci gishiri ne yake yin kaɗan, don piya tana shanye shi. Lemon kuwa a hankali, idan ya yi yawa ya danne komai. Tumatir ganin dama ne. A nan ma gardama ake yi a kansa kamar yadda ake yi a kan sa tumatir a miyar kuka. Idan za ki sa, ki cire 'ya'ya da ruwan, ki yanka ƙanana ki ɗora a sama. A wannan watan kowa yana sa wa, don ranar 16 ce bikin 'yancin kansu, kore da fari da ja kuwa su ne launin tutarsu.

Maganar baƙi kuma, ba lalacewa ba ce. Akwai wani sinadari a tsokar piya wanda da ya haɗu da iska sai ya rine, kamar yadda goro yake sauya launi idan kin gutsura kin ajiye. Tsami yana rage masa gudu, amma ba ya hana shi. Dattijuwar nan, duk iliminta, ta rantse idan aka dasa ƙwallon a tsakiyar kwano ba zai yi baƙi ba. Abban yara, kin san shi da son gwaji, ya raba kwano biyu, ɗaya da ƙwallo ɗaya babu. Bayan awa uku duk sun rine, sai daidai inda ƙwallon ya zauna ne ya rage kore, don nan ne iska ba ta taɓa ba. Da muka nuna mata, sai ta ɗaga kafaɗa ta ce ai a gidanta bai taɓa kai awa uku a kwano ba. Idan dole ta sa za ki ajiye, ki shafe samansa da bayan cokali, ki manna leda a jikinsa sosai ba tare da barin iska ba, ki sa a firji. Idan saman ya ɗan rine, ki kankare, ƙasan lafiya lau yake. Ɓawo da ƙwallo kuma kada yara su jefa wa akun maigidan, piya guba ce ga tsuntsaye.

Su da totiya suke ci, wata 'yar gurasar masara siririya, ko soyayyun gutsattsarinta. Masarar sai an dafa ta da ruwan toka ko wata farar ƙasa ta musamman kafin a niƙa, kuma kin san me suke kiran ƙullun? Masa! Ranar da na fara jin ana kiran masa a kasuwa, har na waiga ina neman mai tanda. Ke kuwa ki gasa gurasa ta yi ƙaras-ƙaras, ko ki soya dankali ko doya, ko ki ajiye shi gefen balangu. Abu ɗaya nake kaffa-kaffa da shi idan mun fita: suna son haɗa shi da soyayyar fatar alade, wakensu ma sau da yawa da kitsensa ake soyawa, don haka sai na tambaya kafin in kai hannu.

Na ajiye miki mafi daɗin labarin a ƙarshe. Wata rana aka kawo mana gwakamole a wani gidan abinci, samansa an barbaɗa wasu abubuwa jajaye. Na duba da kyau, Yaya, fara ce! Soyayyar fara da gishiri da barkono da lemon tsami, capulines suke ce mata. Mai kawo abincin ya tsaya yana jiran ya ga baƙuwa ta tsorata. Na debo na kai baki, na ce masa ƙasarmu da kwano ake aunawa. Wallahi sai da ƙwalla ta cika min ido, don ƙofar makarantarmu na tuna, da mai farar nan da take ƙulla mana ta naira biyar a takarda. Idan lokacinta ya zo ki gwada, za ki ba ni labari.

Ranar Asabar ɗin, ki bari sai baƙin sun zauna an gaisa an kawo ruwa, sannan ki shiga kicin. Minti goma ne aikin. Ki sa 'yar budurwar taki ta murza jajjagen, tunda ita ta janyo mana. Ki ɗauko min hoto kafin a sa hannu.

Ki gaishe min da Umma da kyau, ki ce ina nan ina yi mata addu'a. Ki gaishe da maigidan da yara da su Gwaggo. Idan kun je Jos, ki duba min ko bishiyar piyar Kaka tana nan a bayan gida. Kuma idan an sami mai tahowa, kuka da daddawata sun kusa ƙarewa.

Wassalam.

Taki har kullum,
Ƙanwarki