Ranar da Sarki Ya Sari 'Yata

A garinmu, idan dare ya yi ba a kiran sunan maciji. Sai dai a ce "igiyar ƙasa", domin tsofaffi sun ce wanda ya ambace shi tamkar ya gayyato shi ne. Ina ɗan shekara 9 kububuwa ta sari wani abokin wasana a gonar gyaɗa. Kwana uku jini yana tsattsafowa daga dasashinsa, a rana ta huɗu aka kai shi makwancinsa. Tun daga lokacin na zama irin mutumin da Bahaushe ke cewa in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ko da yake ba ni macijin ya sara ba. Na faɗi wannan ne domin mai karatu ya san ko wane ne mutumin da ya wayi gari da maciji a cikin gidansa a shekarar 2019, a wani gari na arewacin Amurka inda nake koyar da Hausa.

'Yata ce ta kawo shi. Sunan mahaifiyata gare ta, saboda haka ba na faɗin sunanta, Mamana nake ce mata, kuma kowa ya san yaron da ke da sunan kaka ba a cika hana shi abin da yake so ba. A makarantarsu ta fara ganin irinsa, ta shekara guda tana roƙo, har uwarta ta gaji ta koma bayanta. Da aka kawo shi bai fi kaurin fensir ba. Ta sa masa suna Sarki, saboda labarin macijin rijiyar Kusugu ta Daura da na sha ba ta tun tana ƙarama. Na tuna mata cewa a labarin Bayajida sare kan macijin ya yi. Ta ce, "Baba, wannan ai ba ya hana kowa ɗiban ruwa."

Amurkawa suna kiran irin wannan maciji da sunan da ma'anarsa ita ce "macijin masara". Asalinsa daga kudu maso gabashin ƙasar ne, jihohi irin su Filorida da Jojiya da Karolina. Wasu sun ce ya sami sunan ne domin ana yawan ganinsa kusa da rumbunan masara yana farautar ɓeraye, wasu kuma sun ce zanen baƙi da fari da ke cikinsa ne ya yi kama da ƙwayoyin masara. Ba shi da dafi. Ɓera yake kamawa ya nannaɗe shi har ya mutu, kamar yadda mesa take yi. Babbansa yakan kai ƙafa 4 zuwa 5, kuma in ya sami kulawa yakan yi shekara 15 zuwa 20. Jikinsa ja ne da ruwan lemo, da ɗige-ɗige masu baƙin gefe. Saboda sanyin halinsa ne ake ba yara shi su fara kiwo. Shekara uku Sarki yana hawa hannun Mamana yana sauka, bai taɓa ko buɗe mata baki ba. Ni kuwa ban taɓa taɓa shi ba, daga bakin ƙofa nake gaishe su.

A azumin shekarar 2022, wanda ya kama a farkon watan Afrilu, zagayen shan ruwa ya zo gidanmu. Mu Hausawan garin ba mu da yawa: 'yan Nijeriya, da 'yan Nijar, da wasu 'yan zango daga Kumasi. Kunya ta kama ni. Me zan ce wa dattijan nan in suka ji cewa malam guda, mai digirin digirgir, yana kiwon maciji kamar gardi? Kwana biyu kafin ranar, Mamana tana makaranta, na sa safar hannu mai kauri, na ɗauki akwatin gilashin da Sarki yake ciki na kai shi ɗakin wanki na ajiye a kan wani tebur. Garin ɗauka, ɗaya daga cikin 'yan kogunan roba guda biyu da yake ɓuya a ciki ya fashe, na ciro shi da sanda na jefar. Da ta dawo ta yi fushi, na ce mata na mako ɗaya ne kawai. Mako ɗaya ya zama biyu, domin baƙi ba su yanke ba.

Ranar wata Asabar da la'asar na ji ihunta. Na same ta tana riƙe da hannunta, jini yana ɗigowa daga bayan babban yatsa. A cikin akwatin, Sarki ya lanƙwashe wuyansa ya ɗaga kai, yana huci, wutsiyarsa tana kaɗawa da sauri a kan ɓawon itacen da aka shimfiɗa masa, tana ba da wani sauti kamar na caki. Da na matso sai ya sake kai sara, kansa ya bugi gilashi.

Ilimina bai amfane ni da kome ba a wannan lokaci. Na san ba shi da dafi, na karanta, na ji daga bakin masana. Amma abin da na gani shi ne gonar gyaɗa da dasashin abokina. Na ɗauko sandar tsintsiya. Uwarta ce ta tare ƙofa ta ce, "Malam, ajiye sandar nan ka zo ka duba hannun yarinya." Muka wanke wurin da ruwa da sabulu. Wasu 'yan huji ne ƙanana a jere, kamar an tsikare ta da allura, kafin magariba ma jinin ya tsaya. Duk da haka na yanke hukunci: ranar Litinin za a mayar da shi inda aka sayo shi. Maciji maciji ne, in ji ni, halinsa ne ya fito.

Mamana ba ta yi mini musu ba. Bayan an sha ruwa ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, kai ne kake cewa ruwa ba ya tsami banza. Ka ba ni mako ɗaya in gano dalili." Babu abin da ya kai a kama malami da karin maganarsa ciwo. Na ba ta.

Abin da ta fara nuna mini shi ne idanunsa. Sun yi hazo, sun koma shuɗi-shuɗi kamar an zuba musu madara, kuma jan jikinsa ya dusashe. Maciji ba shi da fatar ido da yake rufewa ya buɗe. Wani ɓawo ne garai-garai ya rufe kowane ido, kuma wannan ɓawo yana cikin abin da yake tuɓewa idan zai yi saɓa. Kafin saɓar, wani ruwa yakan taru tsakanin tsohuwar fata da sabuwa, shi ne yake sa idon ya yi hazo na 'yan kwanaki. A wannan lokaci maciji kusan makaho ne. Ɗakin wankin ba shi da haske sosai, shi ya sa ba ta lura ba kafin ta sa hannu.

Na biyu ya fi wannan muni. Jikin maciji ba ya samar da ɗumin kansa, daga waje yake samu. Saboda haka akwai wata 'yar shimfiɗar lantarki a ƙarƙashin gefe ɗaya na akwatin, da na'urar da ke kashe ta idan zafi ya kai digiri 85 a ma'aunin Amurkawa, wato wajen 29 a ma'aunin da muka saba da shi. Ɗaya gefen kuma a bar shi da sanyi, domin ya zaɓi inda yake so. Na'urar tana jin zafin ne ta kan wata 'yar waya da aka manna a jikin shimfiɗar. Lokacin da na ɗauki akwatin wayar ta ɓalle, ta koma tana reto a iska, tana gaya wa na'urar cewa har yanzu da sanyi. Da muka auna ƙasan kogon da ya rage, sai muka ga ya haura digiri 40. Kogon gefen sanyi kuwa ni na jefar da shi. Ke nan mako biyu Sarki yana zaɓi tsakanin ya ɓuya ya gasu, ko ya kwanta a fili ba mafaka.

Na uku shi ne injin wanki. Maciji ba shi da kunne a waje, amma yana jin girgizar ƙasa ta jikinsa da ƙashin muƙamuƙinsa. Teburin da na ɗora shi yana jingine da injin, kuma gidan da ke karɓar baƙi kullum cikin wanki yake.

Sai Mamana ta ƙara da nata laifin, ba tare da an tambaye ta ba. A ɗakinta akwatin yana daidai ƙirjinta, ta gaba take buɗe shi. A ɗakin wanki ƙofar akwatin ta fuskanci bango, sai ta buɗe murfin sama ta miƙa hannu. A dawa, abin da ke sauko wa ƙaramin maciji daga sama shaho ne ko mujiya. Dabba makauniya, wadda zafi ya dama, ba ta da wurin ɓuya, ƙasa tana rawa a ƙarƙashinta, sai ga inuwa ta faɗo mata. Ni ma da na kai sara.

Irin saran ma ya ba da shaida. Macijin da ya ɗauki yatsa a matsayin abinci, saboda ya ji ƙanshin ɓera a hannu, yakan kama ne ya riƙe, har ya fara nannaɗewa. Wanda ya tsorata kuwa yakan sara ne ya saki nan take ya ja da baya, bayan ya yi gargaɗi da huci da kaɗa wutsiya, wani lokaci har da sakin wani ruwa mai wari. Sarki sara ya yi ya saki.

A daren muka mayar da akwatin ɗakinta, ni da hannuna na ɗauka. Ta manna wayar, muka zauna muna kallon ma'auni har ya sauko. Washegari na sayo sabon kogo, ƙarami wanda zai matse jikinsa, domin maciji ya fi samun natsuwa idan yana jin bango ta kowane gefe. Ta sa masa wani akwati na uku mai jiƙaƙƙiyar gansakuka don fatar ta yi laushi, ta rufe gefe uku na gilashin da takarda. Daga nan sai abin da ya fi yi mata wuya: ta ƙyale shi. Ba ɗauka, ba abinci, sai canjin ruwa.

Bayan kwana uku idanun suka washe. Na ce to ga shi ya warke, ta ce a'a, saura. Kwana huɗu bayan haka muka tarar da saɓar a miƙe a bayan kwanon ruwa, ta fita gaba ɗaya kamar an tuɓe safa. Mamana ta ɗaga ta a haske ta duba wurare biyu: ɓawon idanun nan biyu, da ƙarshen wutsiya, domin in tsohuwar fata ta maƙale a nan takan shaƙe wurin. Duk sun fita. Duk da haka uwarta ta dage muka kai shi wurin likitan dabbobi, saboda ciwo ma yana sa maciji faɗa. Likitar ta buɗe bakinsa ta duba ko akwai kumburi, ta saurari numfashinsa, ta binciki gefen idanu da ƙarƙashin haɓa tana neman wasu baƙaƙen ƙwari ƙanana masu shan jini kamar kaska, ta juya cikinsa ko ya ƙone. Ta ce lafiyarsa lau, kuma mun yi sa'a. Kuɗin da na biya ya ninka kuɗin macijin kansa.

Ya ci ɓeransa. Aka jira kwana biyu cur, domin macijin da aka ɗauka da abinci a cikinsa yana iya amayar da shi. Ranar da za a gwada ɗaukarsa sai na ga abin da ban yi tsammani ba: hannun Mamana yana rawa. Ta wanke hannu, ta buɗe ƙofar gaba, ta miƙa, ta janye, ta sake miƙawa, ta janye. Na san wannan ba zai yi ba, domin hannun da ke kai da komo a gaban maciji ƙara firgita shi yake yi. Akwai wata 'yar sanda mai ƙugiya da masu kiwon macizai suke amfani da ita. Na karɓa na ce, "Mamana, ni zan taɓa shi, ke ki ɗauka." Na shafi tsakiyar jikinsa da bayan ƙugiyar a hankali, don ya san da zuwanmu, ya kuma gane ba abinci ba ne. Ya zaro harshe sau biyu, wanda da shi yake sunsuna abu. Bai lanƙwashe wuya ba. Ta zura hannu ta gefe, nesa da kansa, ta tallabo shi da hannu biyu ba tare da ta matse ba. Minti biyar, ta mayar da shi yana cikin natsuwa. Bayan kwana biyu aka sake, aka ƙara lokaci kaɗan. Kafin Sallah ta yi wata guda ya koma hawa kafaɗarta. Maganar ranar Litinin ba wanda ya sake tayar da ita.

Har yau ban ɗauke shi da hannuna ba, iyakata ƙugiya. Da azumi ya zagayo a 2023, akwatin bai motsa daga ɗakinta ba. Wani dattijo ɗan Maraɗi ya ji labari daga bakin jikansa, ya nemi a nuna masa. Ya tsaya a bakin ƙofa, daidai inda na saba tsayawa, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya ce, "Malam, Allah ya kyauta." Saɓar kuwa tana cikin wata ambulan a ofishina. Idan muka zo darasin sunayen dabbobi a aji na biyu, nakan fito da ita in miƙa wa ɗalibin da ke gaba, in ce ya nemo mini idanun.