Ba Kaurin Littafi Ba Ne

Ni ba Bahaushiya ba ce, a bakin maƙwabtanmu na Gangare na tsinci Hausa. Da lokacin rubuta kundin digiri ya zo, na tattara karin magana daga tsofaffin unguwarmu, har takardu suka fi ƙarfina. Wata ƙawata ta ba ni shawarar in koyi SQL, wato harshen da ake yi wa rumbun bayanai na kwamfuta tambaya da shi, wanda aka ƙirƙiro a kamfanin IBM a shekarun 1970.

Na je Taminus na zaɓi littafin da ya fi kauri, kuɗin abincina na mako suka tafi. Wata guda ina fama da ƙa'idoji, ko karin magana ɗaya ban iya zaƙulowa ba, ga ranar miƙa kundi tana matsowa. Sai na tuna cewa ba ƙamus ɗin Bargery na 1934 ne ya buɗe mini baki ba, cinikin tumatir ne. Na aro Learning SQL na Alan Beaulieu, mai misalai da aikin gwaji a ƙarshen babi. Cikin mako biyu na rubuta tambayata ta farko, duk karin maganar da ke ɗauke da kalmar "haƙuri" ta bayyana.

'Yan'uwana ɗalibai, kafin ku biya kuɗi, ku duba ko littafin zai sa ku aiki.