Sifirin da na ba mai gudu

Shekara bakwai na yi ina koyar da lissafi a wata kwalejin karkara a arewacin Adar kafin a maido ni birnin Tawa. Yara da yawa sun bi ta hannuna, mafi yawansu ma na manta fuskokinsu. Amma akwai ɗaya wanda har yau in na ga yaro yana gudu da sassafe sai ya faɗo mini a rai. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye, yana da iyali.

Ƙauyensu yana bayan dutse, tafiyar fiye da awa ɗaya a ƙasa. Kullum sai ya shayar da dabbobi a rijiya kafin ya kama hanyar lakkol, don haka da gudu yake zuwa, littattafansa a cikin leda ɗaure a baya. Shi bai san horo yake yi ba, tsoron makara ne kawai ke korarsa. Abokin aikina malamin wasanni ne ya fara auna shi da agogon waya a tseren mita 1500. Ya duba agogon, ya sa shi ya sake, sannan ya zo ya same ni ya ce, "Wannan yaron ba namu ba ne, na ƙasa ne." A ajina kuwa bai taɓa fita daga biyar na farko ba.

Shekarar da ya ci birbe aka tura shi lise a Tawa, ni ma aka yi mini canjin wurin aiki zuwa can. Mahaifinsa ya kawo shi gidana da tiya goma ta hatsi, ya ce, "Mushe, ga amana. Amma ka gaya mini gaskiya, gudun nan da ake ta yabonsa, yana cika rumbu?" Na yi dariya, na ce ai karatu ya zo yi. Amsar da nake da ita ke nan.

A shekararsa ta biyu aka zaɓe shi ya wakilci jiha a wata gasa. Ranar tafiyar ta faɗo daidai da babban gwajin lissafi, kuma ni ne malamin ajin. Ya zo da takardar gayyata, na ce doka ɗaya ce ga kowa, wanda bai zauna ba sifiri ne. Ina gudun a ce na fifita ɗan gidana. Ya tafi, ya dawo da lamba a wuya, aka tafa masa a gaban tuta ranar Litinin, ni kuma na rubuta sifirin a ranar Talata. Da dare na zaunar da shi na ce ya zaɓi ɗaya, ba a gudu ana susar baya. Bai ce komai ba. Ya bar gudun, karatun ma ya yi sanyi. Ƙarshen shekara aka ce ya maimaita aji. Bayan girbi kawunsa ya zo daga Abijan, suka tafi tare, kamar yadda samarin Adar suka saba tafiya bida tun kaka da kakanni.

Na daɗe ina dora laifin a kan talauci. Sai daga baya na gane cewa tambayar dattijon nan ce ba mu amsa ba, daga ni har tsarin da nake yi wa aiki. Da akwai wata ƙofa da za a nuna masa a ce ga inda ƙafar ɗanka za ta kai shi, da ya jure shekara ɗaya ko biyu.

A wasu ƙasashe ƙofar tana nan. A Amurka jami'o'i suna ɗauke wa ɗan wasa kuɗin makaranta da ɗaki da abinci, bisa sharaɗin ya riƙe makinsa, in ya faɗi a aji a hana shi shiga fili. Ta wannan hanya Hakeem Olajuwon ya bar Legas ya shiga Jami'ar Houston, har ya zama wanda aka fara zaɓa a gasar ƙwallon kwando ta NBA a 1984. Tsarin nasu yana da nasa aibin, domin akwai inda ake tatsar yaro a fili a bar shi da takardar da ba ta da nauyi. Abin da ya burge ni a ciki shi ne sharaɗin: ƙafa ta buɗe ƙofa, amma kai ne ke riƙe ta a buɗe.

Mu ma mun ga abin da tallafi ke yi. Issaka Daboré ya kawo wa Nijar lambar tagulla a damben zamani a wasannin Olamfik na Munich a 1972. Daga nan sai da muka jira shekara 44 kafin Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya ɗauko azurfa a taekwondo a Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Alfaga ya yi horonsa ne a Jamus, da tallafin kwamitin Olamfik na duniya. Nawa ne irinsa suka ƙare a tashar mota a cikin waɗannan shekaru 44?

Kuma ba za a ce Adarawa ba su san darajar ƙarfin jiki ba. A nan Tawa aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a 1975, Kantu na Maradi ya ɗauki takobi. Har yau in lokacin kokawa ya yi, kasuwa kan yi shiru, kowa na manne da rediyo ko talabijin. Muna yi wa ɗan kokawa kirari, muna liƙa masa kuɗi. Amma yaron da ya haɗa ƙarfi da karatu, shi muke sa wa wuƙa a wuya mu ce ya zaɓa.

Tun 2010 muna da jami'a a Tawa, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar. Akwai hukumar ANAB mai raba bursu, akwai cibiyar CROU mai kula da ɗakunan kwana da abincin ɗalibai, akwai makarantar INJS a Yamai mai horar da malaman wasanni. Ba sabon gini nake roƙo ba. Abin da nake fata shi ne a ware ƴan gurabe kowace shekara ga ɗaliban da suka ci bak kuma suka wakilci jiha ko ƙasa: gado a ɗakin kwana, tikitin abinci, kulawar likita in an ji rauni, da damar zaunawa jarrabawa a wata rana in gasa ta faɗo. A rubuta sharaɗin a fili, wanda ya faɗi shekara ya rasa gurbinsa, mace da namiji duk ɗaya. Sannan a kai labarin har kwalejojin ƙauye, domin yaran ba a ƙofar jami'a muke rasa su ba, tsakanin birbe da bak suke zubewa.

Ga iyaye, ba ina cewa kowane mai gudu zai zama Alfaga ba ne. Mafi yawansu ba za su ci abinci da wasa ba, kuma gwiwa ɗaya in ta goce shi ke nan. Shi ya sa ma nake son a ɗaure wasan da karatu: ranar da ƙafa ta gaji, takarda tana aljihu. Ga ƴan uwana malamai kuwa, akwai abin da ba ya jiran minista. Sake wa yaro ranar gwaji awa biyu ce ta lokacinka da takarda ɗaya. Ni na hana wannan awa biyun, ina ganin adalci nake yi.

Yanzu yana sayar da kayan waya a Abijan, yana aiko wa gida kuɗi, rumbun mahaifinsa bai taɓa zama fanko ba. Da Sallar da ta wuce ya turo mini saƙon murya ta WhatsApp. Bayan gaisuwa ya ce, "Mushe, ƙanwata ta shigo kwaleji, an ce ta fi ni gudu. In Allah ya sa ta zo Tawa, a gidanka za ta sauka." Na saurari saƙon sau uku kafin na amsa masa cewa ɗakin yana nan. Washegari na je wurin shugaban makarantarmu da buƙata a rubuce, cewa duk ɗalibin da aka kira gasa a sake masa ranar gwaji. Ya ce zai kai ta taron malamai na farkon shekara.