Kwanon Da Ya Dawo A Rufe

A gidanmu ni ce mai kai kwano. Tun ina 'yar shekara bakwai, da zarar Inna ta kwashe tuwon dare, sai ta fara cika wata 'yar langa mai murfi kafin ta zuba na kowa, ta ce, "Ungo, miƙa maƙwabta, ki ce ina gaishe su." Ba gidanmu kaɗai ake yin haka ba. Duk wanda ya tashi a Funtua ko Bakori ko Malumfashi ya san zirga-zirgar nan ta bayan magariba. Yara na ratsa lungu da kwanuka a ka, wannan da tuwon masara miyar kuka, wancan da dambu, waccan da faten tsaki da ya sha yakuwa. A ƙofar gida kuma iyayenmu maza sun shimfiɗa tabarma ana ciyayya, kowa an fito masa da nasa, a haɗa a ci tare, ba mai tambayar miyar gidan wa ta fi mai.

Gaskiya ni a lokacin tukuici nake bi. Wani gidan a ba ni ƙuli-ƙuli, wani dabino. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin me kwanon yake nufi ba, sai a daminar 2023.

A farkon daminar ne wasu baƙi suka kama ɗaki ɗaya a gidan da ke jikin namu. Daga wani ƙauye suka taso a yankin Faskari, inda 'yan bindiga suka hana mutane noma da barci. Uba da uwa da yara huɗu, sai tabarmi da 'yan tukwane. Mun ji cewa a can maigidan yana da gonaki da shanun huɗa, a nan kuwa dako ya koma yi a kasuwa. Babbar 'yarsu sa'ata ce, aka sa ta a ajinmu na Islamiyya.

Shekarar ba ta zo wa kowa da sauƙi ba. A ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, komai ya bi shi. Mu nan ƙasar masara ce, daga kasuwanninmu irin ta Dandume ake loda manyan motoci a kai wasu jihohi, amma kowane ɗan manomi ya san halin watan Agusta: tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Baba ya koma awo da tiya. Malmalar tuwonmu ta ƙanƙance, nama ya zama sai ranar Juma'a, wani satin ma babu. Abu ɗaya ne bai canza ba, wato langar nan. Kullum sai ta cika, kuma yanzu gidan baƙin take zuwa.

Akwai abin da ya riƙa ɗaure mini kai. Duk ranar da zan kai, sai Inna ta haɗa ni da saƙo: "Ki ce in tana da 'yar kanwa ta sam mini." Gobe ta ce daddawa, jibi ta ce a ara mata muciya. Alhali ga kanwa nan cike da gwangwani a madafarmu, muciya kuwa biyu gare mu. Na ɗauka mantuwa ce ta fara damun Inna.

Wata ranar Laraba muka yi faɗa da yarinyar a Islamiyya, a kan wurin zama kawai. Ta faɗa mini magana, na ji zafi, sai na buɗe baki a gaban 'yan aji na ce, "Ke har kina da bakin magana, ku da sai an kai muku tuwo daga gidanmu kuke ci?" Ajin ya yi tsit. Ba ta rama ba. Ta ja hijabinta ta rufe fuska, har aka tashi ba ta ɗago ba. Ni kuwa na tafi gida ina jin na yi nasara.

Da daddare na ɗauki langa kamar kullum. Na yi sallama, mahaifiyarta ta amsa da fara'a, ta tambayi Inna, sannan ta ce, "Ki ce mata mun gode, Allah Ya saka da alheri. Yau mun ƙoshi." Na dubi murhunsu, ko alamar an hura wuta babu. Ƙaramin yaronsu yana tsaye jikin ƙofa, idonsa na kan kwanon da ke hannuna. Haka na juyo da shi a rufe, yana ƙona mini tafin hannu.

Inna ta dubi langar, ta dube ni. "Me kika yi?" Na fara kame-kame, daga baya na faɗi gaskiya. Na jira bulala, ba ta zo ba, kuma da ita aka yi mini da ya fi sauƙi. Cewa ta yi, "Wata uku ina roƙon kanwar da nake da ita, don kada baiwar Allahn nan ta ji cewa sadaka ake ba ta. Matar da a garinsu ita ke ciyar da 'yan gayya. Ke kuma kin zo da baki ɗaya kin kwance mata zane a kasuwa. Tuwon naki ne? Ke kika noma?"

Ta sa hijabi, ta kama hannuna muka koma, ba tare da kwanon ba. Ta ce wa matar, "Yaya, ga 'yarki na kawo miki, ta yi laifi, ki hukunta ta." Na durƙusa na ba da haƙuri ina kuka. Matar ta ce yarinta ce, ya wuce. Amma daren nan ba su karɓi tuwon ba, washegari ma Inna ba ta aika ba. Da na tambaye ta, sai ta ce magana zarar bunu ce, ba a gyara ta da gaggawa.

Abin da ta yi shi ne, ta fito da ragowar waken suyan da Baba ya noma bara, ta kai wa matar, ta ce ita ba ta iya awara ba, kullum sai ta wargaje mata, ko za ta taimaka su riƙa yi suna raba riba. Wannan karon ba dabara ba ce, da gaske Inna ba ta iya ba. Bayan kwana uku, da la'asar, muka ji sallama. Yarinyar ce riƙe da kwano, awara mai zafi da yaji a gefe, ta ce, "Wai in ji Innata a ɗanɗana." Inna ta karɓa da hannu biyu, ta ba ta tukuici kamar yadda ake ba kowane ɗan aike. Daga ranar kwano ya ci gaba da tafiya, amma ta hanya biyu.

Ba zan ce komai ya koma daidai nan take ba. Sai da aka kusa wata biyu kafin yarinyar ta sake yi mini dariya. Har yau ba su koma garinsu ba, kuma har yau in na tuna idon ƙanenta a bakin ƙofa, sai kunya ta rufe ni. Yara huɗu sun kwana da yunwa saboda bakina.

Malaminmu na Hadisi ya taɓa karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Abu Zarri wasiyya da ya yawaita ruwan romo in ya dafa, don maƙwabta su samu. Na haddace, na ci jarrabawa a kai. Amma a madafar Inna na gane cewa ƙara ruwa a tukunya shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne ka miƙa kwanon ta yadda mai karɓa ba zai sunkuyar da kai ba.

'Yan'uwana ɗalibai, a makarantar nan ma muna da maƙwabta. In an kaɗa ƙararrawar tara, akwai masu zama a aji su ce ba sa jin yunwa, ko su buɗe littafi kamar karatu ya riƙe su. Kun san su, ni ma na san su. Kada ki ce mata "ungo" a gaban mutane. Ki ce, "Zo ki taya ni, ya yi mini yawa." Gobe ki ari bironta ko da naki na cikin jaka. Ranar da kuka yi faɗa kuwa, ki faɗi duk abin da za ki faɗa, amma ki bar maganar abincin nan a inda take.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyar, mamba a ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta