Hannun da Kratos Ya Janye

Da yawa daga cikinmu suna ɗaukar wasan bidiyo shiririta ce ta yara da matasa masu zaman kashe wando. Ni kuwa na daɗe da gamsuwa cewa wasu daga cikin labaran uba da ɗa mafi ratsa zuciya a wannan zamani, a cikin waɗannan wasanni aka tsara su. Dalilin a fili yake: yaran da suka taso da wasannin a shekarun 1980 da 1990 sun girma, sun hayayyafa, kuma su ne ke ƙirƙirar su a yau.

Mu ɗauki The Last of Us, wanda kamfanin Naughty Dog na Amurka ya fitar a 2013. Joel ya rasa 'yarsa Sarah a daren da wata annoba ta ɓarke. Bayan shekara 20 aka damƙa masa amanar Ellie, 'yar shekara 14 wadda cutar ba ta yi mata illa, domin ya kai ta ga masu neman rigakafi. Da suka isa, sai ya gano aikin zai ci ranta. Ya hallaka masu tsaronta da likitan, ya ɗauke ta, sannan ya shirga mata ƙarya. A fim, ɗan kallo kake. A nan kuwa da yatsunka za ka danna madannin, don haka nauyin abin da Joel ya aikata yakan hau wuyanka.

Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne God of War na 2018, wanda Cory Barlog ya jagoranta bayan shi kansa ya zama uba. Kratos, mayaƙin Sparta da ya kashe mahaifinsa Zeus a wasannin baya, ya fita da ɗansa Atreus don cika wasiyyar matarsa, wato watsa tokar gawarta a kan dutse mafi tsawo. Kusan duk tafiyar, "yaro" yake ce masa. Akwai inda Atreus ke cikin alhini, Kratos ya miƙa hannu zai dafa kafaɗarsa, sai ya janye kafin yaron ya juyo.

Na san wannan hannu. Ni ɗan fari ne, kuma saboda alkunya mahaifina bai taɓa kiran sunana a gabana ba. A kuɗin makaranta da takalmin Sallah nake karanta ƙaunarsa. Sai dai shirun Kratos ya bambanta da nasa: tsoro ne, kada ɗansa ya san ko wane ne shi, ya gaji halinsa. Wannan ɓoyo ya jefa yaron cikin ciwon da ya kusa halaka shi, har sai da uban ya buɗe baki ya faɗa masa asalinsu.

Masu tsara wasan sun yi wata hikima: sun ware madanni guda na Atreus, idan ka danna sai ya harba kibiya. Da farko taimakonsa kaɗan ne, amma tafiya ta yi tafiya, sai ka iske ba ka iya yaƙi ba tare da shi ba. Haka ɗa yake tashi daga abin karewa ya zama abin dogaro.

Wasannin biyu na manya ne, cike da zubar da jini da tatsuniyoyin wasu al'ummai, bai dace a miƙa wa ƙananan yara ba. Duk da haka darasinsu ya shafe mu. Iyayen biyu duk sun iya kare 'ya'yansu da makami. Inda suka rabu shi ne wajen faɗin gaskiya. Kratos ya faɗa, ya sami ɗansa. Joel ya ɓoye, kuma kashi na biyu na wasan, wanda ya fito a 2020, ya nuna yadda ƙaryar ta raba shi da Ellie. Ciyarwa da tufatarwa wajibi ne, amma ɗa yana kuma da haƙƙin sanin mutumin da ke ciyar da shi.