Ki Ce Masa Akuya Ta Haihu

Tun da na buɗe ido na san kaina ban taɓa jin Innarmu ta kira sunan Yaya ba. Shi ne ɗan fari, ita kuwa irin mutanen da ce masu alkunya. In tana nemansa sai ta ce, "Ku kira mini wancan." In yana gabanta sai ta kalli bango ta yi maganarta, shi ya san da shi ake. Ku da kuka taso a birni wataƙila ku ga abin wani iri, amma a ƙauyukanmu na Tofa har gobe akwai iyayen da haka suke.

A 2019, ina SS1, Yaya ya tafi Zariya makarantar horar da kuratan soja. Da suka gama, ba a jima ba aka tura su Barno. Kafin nan iyakar abin da muka sani game da soja bai wuce barikin Janguza da ke kan hanyar Gwarzo ba, kuma Inna ta so ƙwarai a ce nan aka ajiye shi, inda ko fura za a iya aika masa. Ranar da muka ji wajen Bama aka kai shi, kakarmu ta riƙe baki. Ita Bamar da ta sani ita ce waccan ta bayan teku, wadda Turawa suka kwashi sojojin ƙasar nan suka kai a yaƙin duniya na biyu. Ƙanin mahaifinta ya je, in ji ta, kuma in takardarsa ta zo, wajen malamin gari ake kai wa ya karanta. Na yi mata bayanin cewa wannan gari ne a kudu maso gabas da Maiduguri. Ta ce, "To, duk dai Bama ce."

A wuraren da suke aiki an lalata turakun waya da yawa, kira ba ya shiga, in ya shiga ma ba ya daɗewa. Saƙon murya na WhatsApp shi ne mafita, domin yana jira har ranar da mutum ya samu sabis. Yaya ya bar mini tsohuwar wayarsa, ta haka na zama 'yar aike tsakaninsu.

Kowace Juma'a bayan la'asar Inna za ta zauna kan tabarma a tsakar gida, tana tsinkar zogale ko gyaran wake, ni kuma in danna wurin ɗaukar murya. Sai ta fara: "Ki ce masa akuyar nan ja ta haifi biyu, duk mata. Ki ce masa katangar bayan ɗakinsa ta zube da ruwan Talata, Kawunku ya ce sai kaka za a tayar. Ki ce masa bana gyaɗa aka sa a gonar bakin rafi, taki ya yi tsada. Ki ce masa Auta ya shiga izu biyar, an yi masa fanke. Ki ce masa 'yar Gwaggonku an sa rana." Ranar farko na ce, "Inna, ai muryarki ce za ta je masa, yana jin ki." Ta ce, "Na sani. Ki dai ce masa."

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya riƙa ba ni haushi. Da safe mu ji a rediyo an kai hari wuri kaza, da yamma Inna tana lissafin kajin da shaho ya ɗauke. Ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayarsa yadda yaƙin yake ba. A 2021 da aka sauya wa rundunar suna daga Lafiya Dole zuwa Haɗin Kai, na kawo mata labarin da ɗokina, ta ce in miƙo mata rariya. Shekarata goma sha shida lokacin, kuma a ganina na fi kowa sanin abin da ya kamata a faɗa wa soja. Shi ma Yaya amsarsa ba ta canzawa: lafiya lau, abinci isasshe, a ci gaba da addu'a. Daga nan sai tambayoyi. Wace akuyar, mai karyayyen ƙaho? Waye ya riƙe garma bana?

A daminar 2022, ina tsakiyar jarrabawar NECO, Baba ya faɗi a gona ana maimai. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka kwantar da shi a wani asibiti a Kano, Inna ta tare can tana jinya. Kuɗi suka ƙare a mako na farko, dole aka sayar da shanun noma guda biyu, waɗanda Yaya ya tara albashinsa ya saya wa Baba don ya huta da haya.

Inna ta tara mu ta ce kada wanda ya kuskura ya gaya masa. Na ce ai mahaifinsa ne, kuma shanunsa ne. Ta ce, "Mutumin da ke gadin dare da bindiga, in zuciyarsa ta rabu biyu, wa zai duba masa gabansa?" Ban samu amsa ba, amma ban gamsu ba.

Juma'a ba ta fasa ba. In na je asibiti sai mu fita bakin ƙofa ƙarƙashin wata darbejiya, ta gyara murya ta fara. Ƙarya kam ba ta yi ba ko ɗaya. Gero ya yi kyau, gaskiya ne. Auta ya yi zazzaɓi ya warke, gaskiya ne. "Ki ce masa Babansa yana gaishe shi," wannan ma gaskiya ce, domin kafin mu fito takan tambayi Baba, shi kuma ya ɗaga hannun hagu. Sau biyu ina rubuta wa Yaya komai da daddare, in karanta, in goge.

Sai kuma saƙonmu ya daina shiga. Alama ɗaya kawai, kwana 17. Wanda ke da ɗan'uwa a can ya san abin da alamar nan ɗaya take yi wa mutum. Ina zaune a ɗakin jarrabawa tunanina yana kan abu guda: in ɗayansu ya rasu a kwanakin nan, Baba ko Yaya, ni ce na riƙe wayar, ni ce na yi shiru.

A dare na 18 wayar ta yi ƙara. Rubutu ne, ba murya ba, kuma da sunan tsokanar da yake kirana: "Malama, ki faɗa mini gaskiya. Yaushe adaidaita sahu ta fara hon a tsakar gidanmu? Saƙo huɗu ban ji rediyon Baba ba, ban ji kukan shanu ba, ban ji dakan maƙwabta ba. Kuna ina?"

Sai a ranar na san yadda yake sauraron saƙonnin nan. Ya ce kowanne yakan ji shi ya fi sau ashirin. Na farko don maganar Inna, sauran kuma don abin da ke bayanta: tarin Baba, ƙarar guga a rijiya, zakaran gidan Kawu da ba ya sanin lokaci. Ya ce in ya sa abin ji a kunne ya rufe ido, har inda kowa ke zaune yana iya faɗa.

Da gari ya waye na kai wa Inna na karanta mata. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can sai ta miƙo hannu ta karɓi wayar, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce in nuna mata inda ake dannawa. Ta kai ta bakinta ta ce, "Kana ji na?" Na juya baya don kada ta ga fuskata. Ta faɗa masa komai, ranar da Baba ya faɗi, abin da likita ya ce, da nawa aka sayar da shanun da wanda ya saya. Ta ce, "Shanunka sun tafi a magani, ka yafe mana. Ka tsaya kan aikinka, mu nan muna da yawa." Sunan dai ba ta kira ba.

Bayan wata uku ya samu izini ya zo gida. Yana alwala a bakin rijiya, ya naɗe wando, sai ga dogon tabon ɗinki a ƙwaurinsa, bai gama baƙi ba. Kwanakin nan 17 ashe yana kwance a asibiti a Maiduguri, wayarsa kuma ta tsaya hannun abokin aikinsa a daji. Inna ta kalli ƙafar, ta kalli bango, ta ce da ni, "Ki tambaye shi, wannan ma lafiya lau ɗin ce?" Yaya ya sunkuyar da kai yana dariya. Ita ba ta yi dariya ba.

Yanzu ina aji biyu a Jami'ar Bayero, shi kuma har yau yana Barno, an dai sauya masa gari. Duk Juma'a nakan dawo gida kafin la'asar. Baba yana takawa da sanda, maganarsa ta dawo sai ɗan nauyin harshe. Kafin in danna wayar nakan ƙara muryar rediyonsa kaɗan, in matsa kusa da turke, in hana Auta korar kaji. Inna ta koma "ki ce masa" ɗinta tun tuni. Makon jiya cewa ta yi in ce masa ɗan maraƙin da aka saya ya fara cin dusa, ƙafar Babansa kuma ta ɗan kumbura ranar Litinin amma ta saɓe, kuma jar akuyar nan ta tsufa, tana neman shawararsa ko a sayar da ita kafin Babbar Salla.