Hannu Ya Gaji, Awo Bai Gaji Ba

Masu iya magana sun ce kowa ya daɗe ya ga daɗau. A GRA ta Bauchi akwai wani dattijo, tsohon mai zanen taswira, wanda ya kama aikin safiyo jim kaɗan bayan ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976. Da rula da kamfas ya yi ta zana fulotai har ya yi ritaya. Sa'an nan rawar hannu ta kama shi, ko layi miƙaƙƙe ba ya iya ja. Abin ya dame shi ƙwarai, domin gara ta cinye taswirar gidansa, ga shi yana so ya bar wa magada iyaka bayyananniya.

Ran nan jikarsa, ɗaliba a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta ce, "Kaka, kawo littafin awonka." Ta kunna kwamfuta, ta buɗe WPF, tsarin da kamfanin Microsoft ya fitar a 2006 don gina manhajojin Windows. Maimakon zane da hannu, umarni ta shiga rubutawa: tashi daga wannan kusurwa, ja layi zuwa waccan, komo mafari. Ta ce masa hoto tarin ɗige-ɗige ne, in an faɗaɗa shi sai ya dushe. Shi kuwa wannan, awo kwamfuta ke adanawa, ta sake zanawa daidai a kowane girma. Tun 1963 Ivan Sutherland ya nuna hanyar a Amurka da manhajarsa Sketchpad.

Da fuloti ya fito a allo, dattijo ya ƙura ido, ya ce, "Ke amarya, ƙofar gidana kudu take duba. Yaya ta koma arewa?" Yarinya ta yi shiru, can ta gano. Allon kwamfuta daga saman hagu yake fara ƙirga, lamba na ƙaruwa zuwa ƙasa, alhali a taswira lamba arewa take hawa. Ta ɗebe kowace lamba daga tsawon allo, gida ya daidaita.

A nan dattijo ya fahimci cewa abin da ya shekara yana koyo ba a yatsu yake ba. Washegari da hantsi ya fito da sauran littattafan awonsa, yana karanto lambobi, ita tana bugawa.